Kambun Baba

A gidanmu da ke Gidan Dahala, cikin birnin Sakkwato, ni ce 'yar fari. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san nauyin da ke tattare da wannan matsayi. Tun da na yi wayo ban taɓa jin mahaifina ya ambaci sunana ba. Ina ƙarama "yarinyar nan" nake, da aka kai ni ɗakin miji kuma sai na koma "mutanen Kaduna". Inna ma tana da tata kunyar, amma shekaru da jikoki sun sassauta ta, har ta zama ita ce mai ɗaukar waya in na kira gida. Shi kuwa sai dai in jiyo muryarsa daga nesa yana cewa, "A gaishe su." Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin rashin ƙauna ba. Katanga ce da muka girma a inuwarta: shi ba ya tambayar damuwata kai tsaye, ni ma ba na leƙa tasa. Ban san akwai ranar da wani abu mai faɗin kwabo zai huda wannan katanga ba.

Baba tsohon shugaban makarantar firamare ne, mutum mai son rubuta komai, daga kuɗin cefane har ranar da aka yi ruwan farko. Ya shafe fiye da shekara goma sha biyar yana fama da ciwon suga. Da ƙishirwa ya fara, da yawan fita bayan gida cikin dare, sai rama. Ya sha ƙwayoyi na wasu shekaru, daga baya likita ya ƙara masa allurar insulin. Idan wuta ta ɗauke, Inna takan ƙulle kwalbar allurar a leda ta ajiye a gindin randa, inda sanyin ƙasa ke kare ta daga zafin Sakkwato. Yana da ƙaramar na'urar da ake huda yatsa a ɗiga mata jini, amma sau biyu ko uku a mako yake amfani da ita, gwargwadon yadda tsinken gwaji ya samu.

Hausawa sun ce jiki magayi. Shekaru da dama jikin Baba yana gaya masa gaskiya. In sugansa ya yi ƙasa sai zufa ta karyo masa, hannu ya yi rawa, yunwa ta taso, ya lalubo dabino a aljihu ya ci, komai ya lafa. Abin da ba mu sani ba shi ne, wanda ya daɗe da ciwon kuma sugansa ya yawaita faɗuwa, jikinsa yakan gaji da yin shela. Wata Talata cikin watan Oktoba na 2023, bayan sallar azahar, ƙanenmu auta ya iske shi zaune a zaure, idanu a buɗe, yana magana ba kai ba gindi. Wasu suka ce shanyewar ɓarin jiki ce, wata tsohuwa ta ce a nemo mai ruƙiyya. Allah ya sa auta ya tuna da na'urar. Lambar da ta nuna 41 ce, alhali duk abin da ya gaza 70 faɗuwa ce. Aka ba shi ruwan suga ya haɗiya, aka garzaya da shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Da ya dawo hayyacinsa likita ya tambaye shi ko ya ji wata alama kafin abin ya faru. Ya ce ko ɗaya.

A nan ne likitan ya ambaci wata na'ura da ake mannawa a bayan damtse. Tana da siririn zare mai laushi da ke shiga ƙarƙashin fata ya zauna, yana auna sugan da ke cikin ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin jiki, dare da rana, ba tare da an huda yatsa ba. Tana aika lambar zuwa manhaja a wayar hannu, manhajar ta zana layi mai hawa da sauka, ta sa kibiya mai nuna inda sugan ya dosa, ta kuma yi ƙara in ya faɗi ko ya haura. Bayan kwana goma sha huɗu sai a cire a sa sabuwa. A ƙasashen da suka ci gaba abin ba baƙo ba ne. Tun 1999 aka amince da irinta ta farko a Amurka, kuma yau kamfanoni irin su Abbott da Dexcom da Medtronic suna ƙera ta iri-iri. Amma a unguwarmu ba mu san wanda ya taɓa sa ta ba. Abin da ya fi jan hankalina shi ne jin cewa ana iya haɗa wayar mai ciwon da ta wani ɗan'uwansa, ko da yana wata ƙasa, ya riƙa ganin abin da ke gudana. Ni da ke da tafiyar yini guda tsakanina da gida, ta Zariya da Funtuwa da Gusau, sai na ji kamar an miƙo mini abin da na daɗe ina roƙo.

Na saya, na haɗa da babbar waya, domin ta Baba ƙarama ce mai tocila. Ranar da auta ya manna masa ita, Inna ta ƙura mata ido ta yi dariya ta ce, "Malam, yau kai ad da kambu!" Sunan ya bi ta har yau. Baba bai yi dariya ba. Tambayarsa ta farko a kan wankan ibada ce, tun da ruwa ba zai taɓa fatar da ke ƙarƙashinta ba. Sai da wani malami da ya amince da shi ya ce masa hukuncinta kamar na ɗaurin rauni ne, a shafa a kai ya wadatar, sannan hankalinsa ya kwanta. Tambaya ta biyu bai yi ta ba, ni ma ban ba shi damar yin ta ba: wa zai riƙa gani? Auta ya haɗa wayoyin biyu bisa umarnina, kuma a daren nan, ina kwance a Kaduna, na ga jinin mahaifina a tafin hannuna.

Makonnin farko na zama kamar wadda aka buɗe wa ido bayan makanta. Na san lokacin da ya sha koko da safe, domin layin yakan miƙe tsaye kamar hawan dutse. Na san ranar da aka yi masa a gida. Na gane cewa kullum bayan la'asar akwai wani tudu da ba ya cikin lissafin abincin Inna. Sai in ɗauki waya: "Inna, me Baba ya ci da ƙarfe biyar?" Ta ce ba ta ba shi komai ba. Aka bincika, ashe a majalisarsu ta tsofaffin malaman makaranta, a ƙofar gidan wani amininsa, ake dama fura da suga ana zagayawa da ludayi. Na sa auta ya yi masa magana. Na sa Inna ta rage tuwo, ta ɓoye gwangwanin madara. Manhajar tana lissafa yawan lokacin da suga ya zauna tsakanin 70 da 180, kuma masana sun ce abin so shi ne ya wuce kashi 70 cikin ɗari na yini. Na Baba ya tashi daga ƙasa da rabi ya doshi kashi biyu cikin uku. Na riƙa nuna wa maigidana lambar kamar sakamakon jarrabawar ɗana.

Ban lura da abin da lambar ba ta nunawa ba. Baba ya daina zuwa majalisa. Ya daina karɓar abin da aka miƙa masa a wurin ɗaurin aure ko suna, ba don ya ƙoshi ba, sai don ya san kafin ya iso gida waya ta riga shi. Inna ta ce mini wata rana, a hankali, "Shina cin abinci kamar wanda a ka ƙirga ma loma." Na ce ai lafiyarsa muke nema. Ta yi shiru.

Daren da abin ya fashe cikin hunturun Janairu ne. Wajen ƙarfe uku wayata ta ɗauki ƙara: 56, kibiya ta kalli ƙasa. Na kira Inna, wayarta a kashe, ba a kawo wuta ba kwana biyu. Na kira auta, yana barci. Hoton zauren nan ya dawo mini, da lambar 41. Sai na kira wani maƙwabcinmu na roƙe shi don Allah ya je ya buga ƙofa. Ya buga har rabin layin ya farka, wasu suka fito da sanduna suna zaton ɓarayi ne. Baba ya fito da mayafi, lafiya lau. Ya huda yatsa a gaban mutane, na'urar ta nuna 118. Ashe a kan damtsen ya kwanta, nauyin jikinsa ya danne kambun, kuma irin wannan dannewa takan sa a ga faɗuwar da babu ita. Kafin gari ya waye, ciwon da ya shekara goma sha biyar yana rufewa ya zama labarin masu zuwa sallar asuba, har da ƙarin cewa 'yarsa ce ke gadinsa daga Kaduna.

Da hantsi ya kira auta ya ce ya nuna masa inda ake yanke igiyar da ta haɗa wayoyin. Shi da kansa ya danna. Fuskar wayata ta koma fili fetal. Saƙonsa ta bakin Inna ya iso: "Ki hwaɗa ma mutanen Kaduna na gode da ɗawainiya, Allah shi yi albarka. Amma ciwon nawa na, jinin ma nawa na."

Na yi fushi, ba zan ɓoye ba. Ni nake raba albashina in sayi kambun, ni nake kwana da ido ɗaya, kuma ni aka rufe wa ƙofa. Maigidana ya bari na gama, sannan ya ce, "Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ke kin tsaya a waje kina ƙirga ɗigon." Na kwana ina juya maganar. Wata biyu na yi ina kallon layin nan, amma ban taɓa tambayar ko shi Baba ya fahimci abin da layin ke faɗa ba. Wayar tana aljihunsa, amma karatun a hannuna yake. Mutumin da ya koyar da dubban yara karatu na mayar da shi allo, ni nake rubutu ni nake wankewa. Da na ƙara tonawa sai na tarar tsorona nake jinya fiye da ciwonsa, domin kowace lamba mai kyau barci take saya mini. Ban daina aika kambun ba. Na dai daina tambaya.

Sai ga azumi. A ranar 11 ga Maris, 2024 aka tashi da shi, bayan sanarwar ganin wata daga fadar Sarkin Musulmi, a daidai lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40. Likita ya gaya wa Baba ƙarara cewa yana cikin waɗanda azumi ke da haɗari a gare su, kuma addini ya yi masa rangwame. Baba ya ce tun yana ɗan shekara goma sha biyu bai sha azumi ba. Da likitan ya ga ba zai tanƙwaru ba, sai ya gyara masa adadin allurar da lokutanta, ya kuma gindaya masa sharaɗi: in lamba ta gaza 70, ko ta haura 300, ko ya ji jiri ko ruɗewa, ya sha ruwa nan take, ko da saura minti biyar a kira magariba. Ya tabbatar masa duba suga ba ya karya azumi. Duk wannan a bakin auta na ji. Kullum in la'asar ta yi sai in kalli wayata da ba ta nuna komai, in yi addu'a, in ajiye.

Ranar sha bakwai ga watan, wajen ƙarfe biyar da rabi, waya ta yi ƙara. Lambar Baba ce. Bai taɓa kirana da kansa ba, don haka sai da ƙafafuna suka yi sanyi kafin na ɗauka.

"Salamu alaikum. Mutanen Kaduna ne?"

"Mu ne, Baba. Kun wuni lafiya? Ya ibada?"

"Lahiya lau. Na sha ruwa yanzu."

Na rasa abin cewa. Ya ci gaba da irin muryar da yake karanta sakamako a gaban ɗalibai. Ya ce tun ƙarfe huɗu ya ga 92 da kibiya a karkace, ya zauna a inuwa yana dubawa. Da biyar ta wuce ya ga 68. Ya huda yatsa don ya tabbatar, ya ga 64. Ya yi bisimilla ya ci dabino uku, ya sha ruwa, bayan minti goma sha biyar ya sake dubawa ya ga ya fara hawa. "Saura sa'a ɗaya da 'yan mintoci a sha ruwa," in ji shi. "Da zuciyata na bi, da na jira. Amma na gani da idona. Wanda ya yi umarni da azumi shi ya yi rangwamen. In Allah ya ba da iko in rama." Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Na ce bari ku ji daga bakina." Ya kashe wayar. Na daɗe zaune a bakin gado ina kuka, ban san ko na tsoro ne ko na farin ciki ba. Na san dai da ni na hango lambar na buga waya na ce ya sha ruwa, da wuya ya sha.

Da na je gida da ƙaramar Sallah, ya aiko auta da wani littafi mai bangon kwali ya ce a nuna mini. Ya ja layuka da rula kamar rajistar aji: kwanan wata, abin da aka ci, lamba kafin ci, lamba bayan awa biyu, sai gurbin bayani. Tun washegarin daren da ya yanke igiyar ya fara. A ciki na ga abin da ni ban gano ba a wata biyu na leƙe. Fura da suga takan kai shi kusa da 300, amma in an dama ta da nono mai yawa ba suga, ya sha rabin kofi, ba ta wuce 190. Tuwon shinkafa ya fi na dawa saurin hawa a jikinsa. In ya fara da kwaɗon zogale ko wake kafin tuwo, tudun yakan yi kwanciya. In ya taka zuwa masallaci mai nisa da isha'i maimakon na ƙofar gida, layin yakan sauko da kansa. A wani shafi ya rubuta cewa kambun ɗan rakiya ne, a bayan jini yake tafiya da 'yan mintoci, don haka in kibiya ta kalli ƙasa kada a jira lamba. A wani kuma: kada a kwanta a kan hannun hagu. Inna ma, da ba ta yi boko ba, ta iya karatun kibiya da launi. In ta ga ja sai ta miƙa masa dabino ba tare da ta ce uffan ba. Ya kuma koma majalisa, da kofinsa na daban.

Sai dai ilimin nan da tsada ake sayensa. Daga waje ake shigo da kambun, kuma bayan da aka saki darajar naira a watan Yuni na 2023 farashinsa ya yi ta hawa. A farkon 2024 dala ɗaya ta haura naira 1,500. Guda biyu da ake buƙata a wata sun fi ƙarfin fanshon tsohon malamin makaranta, ga kuɗin allura, ga na data, ga na caji a shagon mai sola in wuta ta yi nisa. Wani lokaci zufar bazara takan ɓamɓare shi kafin kwanakinsa su cika, kuɗin ya bi iska. Baba ne ya yanke shawara, bayan ya tattauna da likitansa: zai riƙa sawa a azumi, da duk lokacin da aka canza masa magani, da makonni biyu kafin ranar asibiti. Sauran kwanaki ya koma huda yatsa, amma yanzu kullum, kuma ya san lokutan da suka fi muhimmanci. Kwanakin da babu kambu su ne na fargabata. Abin da ya rage mini ita shi ne wani albishir da likitan ya yi: in mutum ya yi makonni yana kauce wa faɗuwar suga, alamun gargaɗi sukan fara dawowa. Da damina Baba ya shaida wa Inna cewa ya ji rawar hannu kafin wayar ta yi ƙara. Jikin ya soma gaya masa kuma.

Ina sane da cewa mu masu sa'a ne. Ƙungiyar masu yaƙi da ciwon suga ta duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 24 ne ke da ciwon a Afirka, kuma fiye da rabinsu ba su ma san suna da shi ba. A majalisar Baba akwai wanda tsinken gwaji ma sai ya yi tanadi kafin ya saya. Gare su kambu labari ne na wata duniya. Abin da ya isa gare su shi ne littafin nan mai bangon kwali, wanda Baba ke buɗewa bayan la'asar yana karanta musu, yana ƙarawa da cewa jikin kowa da halinsa, kowa ya je a auna shi. Mutum biyu sun je. An samu ɗaya da ciwon.

Ana saura kwana uku azumin 2025, saƙo ya shigo wayata daga manhajar: an gayyace ni in sake haɗuwa. Bayansa sai kiran Baba. Sharaɗi biyu ya kafa. Kada in buɗe layin in ƙirga masa loma, ƙarar faɗuwa kawai zan bari a kunne. In kuma ta yi ƙara, shi zan kira, ba Inna ba, ba auta ba, balle maƙwabta. Na ce na ji, na kuma amince. A watan nan duka sau ɗaya ta yi ƙara, ana gab da sahur. Na kira, bugu ɗaya ya ɗauka, ina jin yana tauna dabino.

"Na gani," ya ce. "Ku koma ku kwanta, mutanen Kaduna."

Na koma na kwanta, kuma barci ya ɗauke ni.